Malam Aƙilu Aliyu: Darasi Ga Mazauna Kurmi

Jama'a masu karatu, musamman ku 'yan'uwa da neman abinci ya kawo ku Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal, yau za mu yi magana ne a kan wani mutum wanda shi ma ya sha baƙunci, kuma ya bar mana abin da za mu riƙe a namu baƙuncin. Wannan mutum shi ne Alhaji Aƙilu Aliyu, Allah ya jiƙansa.

An haifi Malam Aƙilu a ƙasar Jega, cikin Jihar Kebbi ta yanzu, a shekarar 1918. Tun yana yaro ya bar gida ya tafi Kano neman ilmi, daga nan ya zarce Barno, inda ya yi fiye da shekara 20, kafin ya komo Kano ya zauna har Allah ya yi masa cikawa a 1999. Ya yi siyasa a jam'iyyar NEPU, ya kuma shugabanci ƙungiyar mawaƙa ta Hausa Fasaha. A 1977 kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafinsa, Fasaha Aƙiliya, wanda Ɗalhatu Muhammad ya shirya.

To, mene ne ya ɗaukaka shi a cikin sha'irai? A ganinmu, shi ne yadda ya riƙe tsarin waƙa na magabata gam, sa'an nan ya zuba masa al'amuran zamaninsa. Rubutacciyar waƙar Hausa, tun daga zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u, tana da dokoki masu tsanani. Akwai karin da ake auna kowane ɗango da shi, wanda aka samo daga arulin Larabci. Akwai amsa-amo, watau harafin da baitoci ke ƙarewa da shi tun daga farko har ƙarshe. Baiti yakan zama ƙwar biyu ko ƙwar biyar, a buɗe da sunan Allah da salatin Annabi, a rufe da godiya. Ba kalangu, ba molo, murya kaɗai ke ɗauke da ita. Malam Aƙilu ya bi wannan turba, amma a kanta ya yi zancen karuwanci cikin 'Yar Gagara, ya yi zancen ilmi cikin Kadaura Babbar Inuwa, ya kuma yi wa masu ƙyamar harshensu don sun sami Turanci tatas cikin Hausa Mai Ban Haushi.

Wannan waƙa ta ƙarshe ita ce ta fi shafarmu. Kowa ya san abin da ke faruwa a Agege da Idi Araba da Sabon Badun. Yaro yakan tashi da Yarbanci da Turancin buroka a bakinsa, Hausarsa kuwa ba ta wuce ta aike da ta ciniki ba. In an kai shi gida da Salla, kakarsa ta yi masa karin magana, sai ya yi zuru. Ba mu ga laifin koyon harshen masu masauki ba, hasali ma dole ne ga wanda yake so ya zauna lafiya da maƙwabta. Abin tsoro shi ne a wayi gari yaro ya yi biyu babu, bai zama ɗan gari ba, kuma na gida sun ɗauke shi baƙo.

Wasu za su ce waƙa irin ta Malam Aƙilu ta tsufa, samarin yanzu sai mai fiyano, kuma Hausarta ta yi wa yara tsauri. Amsarmu ita ce, dokokin nan da ake gani kamar takura su ne suke sa waƙa ta zauna a ka. Kari da amsa-amo suna jan harshe daga wannan ɗango zuwa wancan, shi ya sa ake samun tsoffin da ba su taɓa riƙe littafin boko ba, amma sun haddace baitoci masu yawa na Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi. Yaron da ya haddace baiti 10 ya sami kalmomin da kasuwar Mile 12 ba za ta taɓa koya masa ba. Tsaurin kuwa, ai shi ne zai sa ya tambayi ubansa ma'ana, daga nan hira ta buɗe. Mu dubi maƙwabtanmu Yarbawa mana: duk da zurfinsu a boko, ba su yar da oriki, watau kirarin gidajensu, ba.

Saboda haka muna kira ga Sarakunan Hausawa na garuruwan Kurmi, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, da malaman makarantun Islamiyya, su ɗauki wannan aiki. Duk mai hawa Arewa a ba shi saƙon Fasaha Aƙiliya. A ware sa'a guda a mako a koya wa yara rera waƙa, a riƙa yin gasa lokacin bikin saukar karatu, a ba wanda ya ci kyauta. Iyaye kuma su nemi faifan muryar Malam su sa a wayoyinsu, yara su ji yadda ake fitar da kari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malam Aƙilu ya yi shekaru a tsakiyar Barebari, ya komo da Hausar da har yau ake nazarinta a jami'o'i. Ashe nisa da gida ba hujja ba ne. Allah ya gafarta masa, mu kuma ya ba mu ikon miƙa wa 'ya'yanmu abin da muka gada, amin.