Cin Ranin Turawan Ingila, da Abin da Ya Shafi Mutanen Daura

Babu mutumin ƙasar Daura da bai san cin rani ba. In an gama kaka, an ɗaure dammuna an zuba a rumbu, sai samari da magidanta su ɗauki ƙunshinsu su nufi Kano ko Ikko, ba a sake ganinsu sai shamuwa ta komo, hadari ya fara haɗuwa a gabas. To, Turawan Ingila ma suna da irin nasu cin ranin, sai dai su sanyi ne ke korarsu. A 'yan shekarun nan wani abu ya auku gare su wanda muka ga ya kamata malamai da akawuna su duba shi da kyau, domin kuwa akwai alamar irinsa yana iya zuwa ƙofar gidanmu.

Yadda muka san su da

Zaman Bature rabi a gida rabi a waje ba baƙon abu ba ne gare mu. Zamanin En'e, Razdan da Di'o da Baturen makaranta duka haka suka zauna. Mutum ya yi shekara guda ko shekara da rabi yana aiki, sa'an nan ya tafi hutu Ingila 'yan watanni. Daga Daura sai ya bi ta Kano, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1911, ya sauka Ikko, ya shiga jirgin ruwa na kamfanin Elder Dempster, ya yi kamar mako biyu a teku kafin ya kai Libaful. A nan kuwa zamansa bai wuce gidan Gwamnati da bariki ba: kuku da boyi da mai kula da doki, fitilar kananzir, kwinin kowace rana saboda zazzaɓi, rangadi ƙauye ƙauye don ƙidaya da haraji, da karatun Hausa, gama sai ya ci jarrabawarta zai sami ci gaba a aiki. 'Ya'yansa suna makarantar kwana a Ingila, uwargidansa tana raba shekara tsakanin miji da 'ya'ya.

Wannan irin zama yana da aibi, dattawan da suka yi aikin ofis sun sani. Di'o yakan fara gyaran hanya ko haƙar rijiya, hutunsa ya zo, wanda ya canje shi ya zo da nasa ra'ayin dabam. Sarkin Daura Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 har 1966, Turawan da suka zo suka wuce a zamaninsa kuwa ba su ƙirguwa da yatsu. Abin da ya riƙe aikin ƙasa bai tsinke ba shi ne waɗanda ba su zuwa hutu Ingila, watau Sarki da majalisarsa, da hakimai, da akawun da ya san inda kowace takarda take. Bayan samun mulkin kai a 1960 yawancin Turawan nan suka karɓi sallama suka koma gida.

Yadda suke yau

Jikokinsu ba su mulkin kowa, amma ba su bar ɗabi'ar gida biyu ba. Yawanci tsofaffi ne da suka yi ritaya. Mutum ya tara abin da ya tara, ya sayi ɗan gida a Sifen wajen Alikante ko Malaga, ko a Algarbe ta ƙasar Fotugal, ko a karkarar Faransa. In Oktoba ta yi, rana ta fara gajarta a Ingila, sai ya kulle ƙofa, ya ba maƙwabci mabuɗi, ya hau jirgin sama na sa'a biyu ko uku. Can zai tarar da 'yan'uwansa da yawa, gama a Sifen kaɗai 'yan Birtaniya da ke cikin rajistar mazauna sun haura 250,000, ban da masu zuwa su koma. Suna da kantunansu na abincin gida, da jaridu cikin harshensu, da wuraren hira da wasa. Da yawa daga cikinsu sukan yi shekaru ba su iya harshen masu ƙasar ba, abin da ko Di'on da bai samu ya yi ba.

Kada a ɗauka zaman duk hutu ne. Mai gida biyu yana biyan wuta da ruwa da harajin gida a wuri biyu. Dole ya riƙa lissafin kwanakinsa, gama wanda ya yi kwana 183 a Ingila cikin shekarar haraji mazaunin Ingila ne a wurin masu haraji, Sifen ma tana da doka mai kama da wannan. Asibitin Gwamnatin Ingila na kyauta ne ga mazauna ƙasar, ba ga duk mai riƙe da fasfonta ba, saboda haka wanda ya daɗe a waje yana iya rasa wannan dama. Ga kewar jikoki, ga tsufa. In ɗaya daga cikin ma'aurata ya kwanta ciwo ko ya rasu, sai tambaya ta taso, shin ina ne gida?

Ƙuri'ar 2016

Muddin Birtaniya tana cikin Tarayyar Turai, mutanen nan suna shiga suna fita yadda suka ga dama, ba mai ƙirga musu kwana. Ran 23 ga Yuni 2016 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 52 cikin 100 suka zaɓi a fita. Ran 31 ga Janairu 2020 aka fita, wa'adin sauyi kuma ya ƙare a ƙarshen wannan shekara. Daga ran 1 ga Janairu 2021 ɗan Birtaniya ya zama baƙo a yawancin ƙasashen Turai: ba shi da ikon ya wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 sai da biza.

Bari mu yi lissafin, kamar yadda za mu yi wa 'yan aji a allo. Wanda ya sauka Sifen ran 1 ga Oktoba, kwanansa 90 sun cika ran 29 ga Disamba. Ba zai sake shiga ba sai ƙarshen Maris. Watau Janairu da Fabrairu, watannin tsananin sanyi waɗanda dominsu ya sayi gidan, a Ingila zai yi su. Tsallakawa Faransa ko Fotugal ba ya fisshe shi, domin ƙidayar ɗaya ce. A 2021 ɗin kuma aka hana matafiyi daga Birtaniya shiga da nama ko cuku a jakarsa. Ran 12 ga Oktoba 2025 aka fara sabon tsari a kan iyakokin Turai, ana ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun baƙo a na'ura, don a san ranar shigarsa da ta fitarsa ba tare da kuskure ba.

Waɗanda suka yi rajistar zama kafin ƙarshen 2020, yarjejeniyar fita ta kare musu haƙƙinsu. Waɗanda abin ya fi ci su ne masu zuwa su koma, waɗanda ba su taɓa damuwa da takarda ba don ba a taɓa tambayarsu ba. A Faransa majalisa ta amince da a sauƙaƙa wa 'yan Birtaniya masu gida biza a Disamba 2023, amma a Janairu 2024 majalisar kula da tsarin mulki ta soke wannan sashe. A Sifen kuwa masu ƙasa sun fara ƙorafi, sun yi zanga-zanga a Malaga da wasu wurare a 2024 kan tsadar gidaje, har Gwamnati ta daina ba da izinin zama ga baƙo don ya sayi gida mai tsada a Afrilu 2025.

Mu fa?

Iyakar da ke arewacin Daura Ingila da Faransa suka shata ta a farkon ƙarni na 20, ba a shawarci mai gona ko ɗaya ba. Ta raba dangi: wannan yana Mai'aduwa ko Zango ko Ɓaure, ƙanensa yana Magarya ko Matamai ko Kance. Akwai mai noma a can yana kasuwa a nan, akwai mai mata biyu kowace a ƙasarta, akwai makiyayin da shanunsa ke damina a arewa su yi rani a kudu, akwai almajirin da malaminsa ke Damagaram. Duk waɗannan masu gida biyu ne, ko da yake nema ne ya fitar da su, ba jin daɗi ba.

Abin da doka ta ba su ya dogara ga ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Ikko a 1975. A 1979 ta yi yarjejeniya cewa ɗan kowace ƙasa a cikinta yana iya shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90, in yana da takardar tafiya. To, Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da fitarsu a Janairu 2024, fitar ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. A ranar ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfon mutanen ƙasashen uku, a bar su su yi zirga-zirga har sai an sake sanarwa. Wannan alheri ne, amma alherin da aka ɗaure da sai an sake sanarwa ba shi da ƙarfin yarjejeniya. Mun kuwa riga mun ɗanɗana: an rufe iyaka a Agusta 2019 ba a fara buɗewa ba sai Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har Maris 2024. Masu bin hanyar Kwangwalam ba su manta yadda kasuwa ta kwanta ba.

Ba mu ce abin da ya sami Turawa shi zai same mu daidai wa daida ba. Iyakarmu doguwa ce, zumuncinmu da mutanen Nijar ya girmi ƙasashen biyu. Amma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Turawan nan suna da ilmi da kuɗi da lauyoyi, duk da haka cikin dare ɗaya gidan da mutum ya saya da guminsa ya zama wurin da ake ƙirga masa kwana. Ina ga talakan da ko takardar haihuwa ba shi da ita?

Abin da ya rage gare mu

Na farko, akawu da ke ofishin ƙaramar hukuma ko na hakimi ya ɗauki rajistar haihuwa da katin ɗan ƙasa da muhimmanci, ya sauƙaƙa wa mutanen ƙauyukan bakin iyaka, gama ranar da za a fara tambaya, mai takarda ne zai wuce. Na biyu, mai gona ko gida a ƙetare ya nemi shaidar mallaka a rubuce tun dattawan da suka san iyakar gonar suna da rai. Na uku, mu malamai mu lura da yaran da sunansu ke ɓacewa daga rajista in rani ya yi, mu ba su takardar canjin makaranta, kada yaro ya tashi ba shi da aji a nan ba shi da aji a can. Na huɗu, 'yan'uwanmu da suka yi aiki a Ingila suna niyyar komowa gida su sani, fanshon Gwamnatin Ingila ba a yi masa ƙarin shekara shekara ga wanda ya zauna Nijeriya, yana tsayawa ne yadda yake ranar da mutum ya taso. Sai a yi lissafi tun kafin a ɗaure kaya.

Su kuma shugabannin Nijeriya da na Nijar, muna roƙonsu su zauna su rubuta yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu wadda za ta ambaci manomi da makiyayi da ɗan makaranta na bakin iyaka da sunansu. Lokacin da Birtaniya da Turai suka yi nasu cinikin, an tuna da 'yan kasuwa da masunta da mazauna na dindindin, masu zuwa su koma kuwa aka bar su da kwana 90. A ƙasar Daura masu zuwa su koma ba 'yan kaɗan ba ne, bai kamata a manta da su ba.