Yarinyar Da Aka Cuta Ba Abin Dariya Ba Ce



A ƙasar Jamus, a ƙarni na 13, an rubuta wani labari na shaho. Wata yarinya ce ta tashi a gidan mata masu ibada, ba ta san komai game da maza ba. Ran nan ta hango wani barde riƙe da shaho, ta yi sha'awar tsuntsun. Ya ce farashinsa shi ne soyayyarta. Ta ce ba ta san mene ne wannan ba, shi kuwa ya yi lalata da ita, ya miƙa mata tsuntsu. Da ta faɗa wa uwar ɗakinta, sai ta sha duka. An tsara labarin ne don a yi dariya, kuma yarinyar ake yi wa dariyar.

To, mu ma mu duba namu. A tatsuniyar budurwar da ta ce sai mijin da ba shi da tabo, dodo ne ya rikiɗa ya yaudare ta, amma darasin da kakanninmu ke fitarwa shi ne, ita ta ja wa kanta. Haka muke yi a zahiri. In aka ja 'yar talla cikin zaure a lungunan Gwammaja da sunan za a saye farantinta, sai ka ji ana cewa, “Me ya kai ta?” Shi kuwa mugun yana zaune a majalisa.

Dokar hukunta laifuka da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 ta ce kusantar yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba fyaɗe ne, ko da ta ce ta yarda.

Saboda haka, iyaye mata, kunya ba ta tsare 'ya. Ku gaya musu a fili inda ba a taɓa su. In yarinya ta kawo ƙara, a ajiye bulala, a saurare ta, a hanzarta kai ta cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala, sannan a sanar da hukuma. Ku kuma 'yammata, kyautar da aka ce kada ku gaya wa Inna tarko ce.

Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.