A Nemi Takarda Kafin A Miƙa Makulli

Tun rikicin 2000 da na 2002 da yawa cikinmu suka ƙetare kogi, suka koma Sabon Tasha da Barnawa. Majami'unmu na Kawo da Unguwar Rimi suna nan, amma maƙwabtan da kan faɗa mana halin mutum sun watse. Yanzu baƙo kan zo da wasiƙar wani fasto, nan take mu ba shi gadi ko ajin yara.

Muna roƙon dattawan ikilisiya su riƙa neman takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Mai son aikin ne zai nema a shafin POSSAP, a ɗauki zanen yatsunsa, a duba rajistar masu laifi da ke Alagbon, Legas. Tun 2019 kuma hukumar NAPTIP tana da rajistar waɗanda kotu ta hukunta kan fyaɗe.

Wani zai ce, ina gafara? Wanda ya fito kurkuku ya tuba, wurin zamansa a sujada yana nan. Ajin yara ne kawai ba za mu ba shi ba. Takardar ma ba ta nuna wanda aka rufa wa asiri a gida, saboda haka magatakarda ya buga waya zuwa ikilisiyar da mutumin ya baro.