Facebook kasuwa ce, marubucin Gobir na buƙatar rumbu

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato domin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun bayanai, ciki har da Sabon Birni da Isa. A watan Yunin shekarar gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba ta janye ba sai Janairun 2022. Ranar 4 ga Oktoba kuma Facebook da WhatsApp suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan sa'o'i shida. Cikin 'yan watanni muka ga cewa rubutun da muke ɗauka namu ne yana hannun wasu.

Duk da haka, mafi yawan abin da 'yan yankin ke rubutawa game da Tozai da Gatawa da ƙauyukan da ke kewaye a Facebook yake: ranar da aka kai hari, garin da aka ɗora wa haraji, gonakin da suka kwana ba a nome ba. Mai karatu ya gwada neman irin wannan rubutu na shekara uku baya, zai ga wahalar. In kuwa aka rufe asusun marubucin, shi ke nan. Zanen aro ba ya rufe katara.

Shawarata ita ce duk wanda ke rubutu da gaske ya mallaki shafinsa, ya kuma gina shi da irin manhajar da ke fitar da tsayayyun shafuka, kamar Jekyll da ta fito a 2008, ko Hugo da ta biyo baya a 2013. A tsari irin na WordPress, kwamfutar da ke ɗauke da shafi takan tono bayanai daga ma'ajiya ta harhaɗa shi idan mai karatu ya nema. Hugo kuwa aikin maɗaba'a take yi. Marubuci zai rubuta maƙalarsa a fayil na rubutu zalla, a tsarin da ake kira Markdown, manhajar ta mayar da ita kammalallen shafi sau ɗaya a kwamfutarsa, sannan ya ɗora. GitHub Pages na karɓar irin waɗannan shafuka kyauta. Abin da zai biya shi ne kuɗin sunan adireshi duk shekara, in yana son nasa na kansa.

Amfanin wannan ya fi fitowa a bakin iyaka. Shafin da ba ya ɗauke da talla da bidiyo yana buɗewa ko sabis ya yi rauni, kuma ba ya cinye data. Rubutun da gina shafin ba sa buƙatar intanet, sai ɗorawa. Asalin fayilolin na hannun mai su, don haka ko an katse layi ana iya kwafe su a katin memori, ko a tura daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Tunda babu ma'ajiyar bayanai a bayan shafin, ƙofofin kutse ma sun ragu.

Za a ce ai jama'a na Facebook. Haka ne, kuma ban ce a bar shi ba. Facebook kasuwa ce, can ake haɗuwa da mutane, amma manomi ba ya ajiye geronsa a kasuwa. A fara wallafawa a gida, sannan a kai adireshin kasuwa. Za a kuma ce saitin farko na da wuya, yana buƙatar kwamfuta da umarni cikin Turanci. Wannan ma gaskiya ne, sai dai aiki ne na sau ɗaya, wanda ɗalibin ilimin kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai iya yi wa malaminsa na firamare.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tsaro. Abin da ya dawwama yana iya cutar da wanda ya ba da labari. Sai marubuci ya adana rana da wuri da abin da ya faru, ya ɓoye sunan shaida da duk abin da zai nuna gidansa.

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, kuma mafi yawan rubutaccen bayanin zamanin ya zo mana ne daga malaman jihadi, irin su Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri, domin su suka rubuta, aka kuma adana. Wata rana za a nemi tarihin waɗannan shekaru na tashin hankali. In mutanen Isa da Sabon Birni ba su adana nasu ba, sanarwar hukuma da bidiyon 'yan bindiga kawai za a tarar.