A Jami'a Ba a Kaɗa Ƙararrawa



A makarantar nan ƙararrawa ce take tafiyar da mu. Ita take tara mu a asambuli, ita take shigar da mu aji, ita take fitar da mu tara, ita kuma take sallamarmu. Wanda ya makara ya san abin da zai tarar a bakin get. Kuɗi ma haka abin yake. Da safe Baba ko Umma su miƙo kuɗin tara, kafin a tashi sun ƙare a wurin mai awara, gobe a sake miƙowa. Wato lokacinmu yana hannun mai kaɗa ƙararrawa, kuɗinmu kuma yana hannun iyayenmu. Mu dai namu bi.

A ganinmu wannan tsari ya dace da ɗan firamare, amma idan aka bar mu a kansa har muka gama sakandare, to an cuce mu, ko da ba da gangan ba. Wurin da kowa yake cewa mu dage mu je, jami'a ce ko kwalejin ilimi ko foliteknik, babu ƙararrawa a can. Babu monita mai rubuta sunan masu surutu, babu malamin da zai aika gida a ce yau ba a ga wane ba. Kuɗi kuma ba kullum ake miƙowa ba. Sau ɗaya ake turowa, a ce wa mutum sai kuma wani watan.

Mun san wani zai ce, ku 'yan ƙaramar sakandare ina ruwanku da jami'a? To ai saura shekara huɗu ko biyar ne kawai. Kuma ba labari muke ji ba, da yawanmu muna da yayye a can, muna ganin yadda suke dawowa hutu. Wanda ya tafi da kumatu sai ya dawo wuya kamar mariƙin lema. Su da bakinsu suke ba da labarin yadda watan ɗalibi yake. Makon farko indomi da ƙwai, shayi da kauri, har a saya wa aboki. Mako na biyu a koma wake da shinkafa. Na uku garin kwaki da ƙuli. Na huɗu kuwa sai abin da suke kira 0-1-0, wato babu na safe, akwai na rana, babu na dare. Suna faɗa suna dariya, amma mu da muke gida mun san ranar da wayar ta zo ana cewa a turo wani abu, Baba ba dariya yake yi ba.

Ba muna cewa duk ɗalibin da ya ji yunwa almubazzari ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka tashi, kowa ya shaida, kuma akwai wanda abin da ake turo masa ko malamin lissafi aka ba ba zai kai masa ƙarshen wata ba. Wannan talauci ne, ba rashin tsari ba, kuma bai kamata a haɗa su ba. Amma akwai kuma ɗalibai biyu da za a ba kuɗi iri ɗaya, a ɗaki ɗaya, ɗaya ya kai ƙarshen wata yana girki, ɗayan tun ranar goma yake neman rance. A kan bambancin waɗannan biyun muke magana.

Bari mu yi lissafi da abin da kowa zai iya bincikawa. A shekarar 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati bashin karatu ta hannun hukumar NELFUND. Ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye, wanda ya nema kuma ana ba shi naira 20,000 a wata don ɗawainiyar kansa. Idan mutum ya ji dubu ashirin ta shigo waya lokaci ɗaya, sai ya ji kamar ya zama Alhaji. Amma a raba ta gida 30 a gani. Abin da zai fito bai kai naira 670 a rana ba. A cikinta za a ci abinci, a hau mota, a yi fotokwafi, a sayi sabulu, a sa data. Wanda ya kashe 5,000 a ranar farko ya cinye abincin kwana bakwai a zama ɗaya, ko ya sani ko bai sani ba. Kuma bashi ne, ba kyauta ba. Ba shi da ruwa, amma bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa za a fara biya. Wannan rabawar da muka yi ba ta fi ƙarfin ɗan aji ɗaya ba. Abin da ya yi wuya shi ne mutum ya saba yin ta kafin ya kashe, ba bayan ya kashe ba, kuma sabo ba a yin sa a dare ɗaya.

Lokaci ya fi kuɗi wuyar kamawa, domin shi ba a jin ƙarar fitarsa. Yayyenmu sun ce a jami'a za ka iya yin lakca ƙarfe takwas na safe, ta gaba sai ƙarfe biyu na rana. Tsakaninsu babu mai tambayarka ina ka shiga. Ka ga dama ka tafi laburare, ka ga dama ka zauna a gindin bishiya ana musun ƙwallo. Wanda ya shekara 12 ƙararrawa tana gaya masa abin da zai yi, ranar da aka sake shi haka, me ake tsammani zai yi? A makarantu da yawa kuma sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na lakcoci kafin a bar shi ya zauna jarrabawa, sannan wani kaso na maki daga gwaji da aikin gida yake fitowa. Wanda ya ce sai jarrabawa ta matso zai farka, ya riga ya zubar da maki tun kafin a raba takarda. Idan ya faɗi kwas, kwas ɗin zai biyo shi shekara ta gaba. Idan suka taru, abokansa su gama su tafi shi yana nan. Ƙarin shekara kuwa ƙarin kuɗin rajista ne, da na ɗaki, da na abinci, duk daga aljihun da ƙannensa suke jira. A nan ne za a gane cewa ɓata lokaci a makaranta ɓata kuɗi ne, sai dai ba kuɗin mai ɓatawar ba.

Tun kafin a shiga ma agogo yake fara tace mutane. A jarrabawar JAMB tambaya 180 ake amsawa cikin awa biyu a kan kwamfuta. Idan aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Mai ilimin da bai iya raba lokacinsa ba sai kwamfuta ta rufe yana kan darasi na uku.

Akwai kuma abin da babu wanda ya tsara shi. A 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki daga watan Fabrairu har zuwa Oktoba, wata takwas cur. Ba laifin ɗalibi ba ne, kuma babu jadawalin da zai hana. Amma a unguwanninmu mun ga waɗanda suka yi wata takwas ɗin a bakin titi suna jiran sanarwa, mun kuma ga waɗanda suka shiga shagon ɗinki, ko gyaran waya, ko suka kama lalle da kitso a cikin gida, suka koma makaranta da sana'a a hannu.

To me muke so a yi?

Roƙonmu na farko ga iyayenmu ne. Wanda yake da hali, maimakon kuɗin tara na kullum, a gwada ba mu na mako guda a dunƙule ranar Litinin. A ce naira 200 ake ba yaro kullum, to a ba shi 1,000, a gaya masa sai wata Litinin ɗin. Mun san amsar da za a ba mu: ai ranar Talata zai cinye. Gaskiya ne, da yawa za su cinye. To sai me? Wanda ya cinye zai yi Laraba da Alhamis da Juma'a yana kallon bakin mutane a lokacin tara, ya koma gida ya tarar da tuwo yana jiransa. Wannan horo ne mai sauƙi. Idan bai koya a nan ba, zai koya a Samaru ko a sabuwar BUK, inda tukunyar Umma ta yi nisa. Sharaɗin kawai shi ne kada a ji tausayi a ƙara masa ranar Laraba, in ba haka ba an rushe darasin gaba ɗaya. Wanda kuma ya iya cire naira 50 kullum ya jefa a asusu, a mako yana da 250, a zangon karatu mai mako 12 yana da 3,000. Ba za ta sayi keke ba, amma za ta sayi littattafan rubutu ba tare da an tashi Baba tsaye ba.

Na biyu ga malamanmu ne, kuma da ladabi muke faɗa. A darasin kasuwanci ana koya mana littafin shigar kuɗi da fitarsu. Muna ja layi da rula, mu kwafi lambobin wani ɗan kasuwa da ba mu taɓa gani ba, mu haddace, mu ci jarrabawa, mu manta. Me zai hana kowa ya buɗe shafi ɗaya a bayan littafinsa ya riƙa rubuta nasa na gaskiya? Abin da ya shigo a hagu, abin da ya fita a dama, har na alawa da na fiya wata. Mako biyu ya isa mutum ya ga ramin da kuɗinsa suke faɗawa.

A nan akwai maganar da ba a cika faɗa ba. A kowane aji akwai waɗanda ba a ba su kuɗin tara ko sisi. Wasu sai sun yi talla da yamma, wasu suna tsaron shago, wasu suna bin babansu kasuwa ranar Asabar. Wani lokaci su ake yi wa kallon na baya, saboda suna zuwa a gajiye ko aikin gida bai kammala ba. Amma a tambayi yarinyar da take kai gyaɗa ko dafaffen ƙwai tasha, nawa ne uwar kuɗi, nawa ne riba, nawa za a ware na sarin gobe. Ba za ta nemi biro ba. Ta san idan ta taɓa uwar kuɗi gobe babu sana'a, abin da wani ɗan jami'a bai gane ba har yanzu. Ba muna yabon talla ba ne, mun fi so kowa ya samu lokacin karatu. Amma in za a koyar da wannan darasi, waɗannan su ya kamata a fito da su gaban allo su yi mana bayani. Haka iyayenmu mata da suke adashi, suna zubi duk mako, kowa ta san ranar kwasarta, kuma tun kafin ranar ta zo ta san abin da za ta yi da kuɗin. Tsarin da muke nema yana cikin gidajenmu, makaranta ce ba ta gayyato shi ba.

Na uku namu ne mu ɗalibai. Duk ranar da malami ya samu uzuri bai shigo ba, minti 40 ɗin nan aji yakan koma kasuwar Kurmi. To wannan ita ce 'yar ƙaramar jami'ar da muke da ita a yanzu: lokaci ne da babu mai tsaron mu. Abin da mutum yake yi da shi yau, shi zai yi da awa shida ɗin da ke tsakanin lakca da lakca. Mako yana da awa 168. A cire barci, a cire boko, a cire Islamiyya, a cire ɗiban ruwa da wanke-wanke da aike, abin da ya rage ba shi da yawa, musamman ga 'yan uwanmu mata da aikin gida ya fi hawa kansu. Shi ya sa ya kamata kowa ya san inda ragowar take tafiya. Wanda yake aron wayar yayansa ya ce minti biyar zai yi, ya duba agogo lokacin da ya karɓa da lokacin da aka ƙwace. Ita waya baki biyu gare ta, ɗaya yana cin lokaci, ɗaya yana cin kuɗin data. Balle kuma cacar ƙwallo da ake yi a cikinta, wadda ta cinye kuɗin rajistar wasu.

Akwai malamin da zai ce manhaja ta riga ta cika, babu wurin sabon darasi. Ba sabon darasi muke nema ba. Tambaya ɗaya ce a cikin lissafin da ake ba mu, a sa garin kwaki da kuɗin mota a maimakon lemo goma da aka raba wa yara biyar.

Mu a ƙungiyar 'yan jarida za mu fara da abin da muke iyawa. Ranar Litinin za mu liƙa farar takarda a ƙasan wannan allo. Duk mai yaya ko yayar da ke babbar makaranta ya tambayo mana farashin gaskiya: mudun shinkafa, mudun wake, kwalbar manja, kuɗin mota zuwa lakca da dawowa, fotokwafin shafi ɗaya. Daga nan kowane aji ya zauna ya tsara yadda naira 20,000 za ta kai kwana 30, a rubuto mana da sunan aji. Za mu liƙa duka, har da na waɗanda lissafinsu ya nuna ba za ta kai ba, in dai sun nuna a rana ta nawa ta ƙare da abin da ya cinye ta. Muna roƙon malamin lissafi da malamar kasuwanci su duba mana, kuma don Allah kada a yage takardar kafin Juma'a.