Noma da Kiwo: A Auna da Mudu Uku Kafin A Sayi Saniya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni a cikin jaridarka mai farin jini, don in amsa wa wani ɗan'uwa, tsohon malamin makaranta, wanda ya same ni da shawara. Ya ce ya karɓi kuɗin sallamarsa, yana kuwa da gona ta gado a wajen Panshekara, kusa da ma'aikatun Challawa, yana so ya zuba shanun madara goma ya riƙa kai wa masu yin yogot a Kano. Na ga amsar ba tasa ba ce shi kaɗai, gama akawuna da malamai da yawa suna da wannan niyya a zuci.

Da farko dai mu san cewa haɗa noma da kiwo ba baƙon abu ba ne. Tun wajen 1928 Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoman Arewa huɗa da shanu, En'e tana ba su rancen bijimai biyu da garma, su ciyar da su da abin da gona ta bari, su kuma mayar wa gona da taki. A shekarar nan aka kafa gonar kiwo ta Shika kusa da Zariya. Kafin wannan ma, manoman kewayen birnin Kano sun daɗe suna noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ba ta mutu ba, saboda takin tumaki da awaki da sharar birni da jakuna ke kai mata. Wani masani Bature, Michael Mortimore, ya yi shekaru yana binciken wannan tun daga wajen 1960, har labarin manoman Kano ya shiga littattafan duniya.

Abin da ya sabunta yau shi ne, masana sun koyi yin gona a cikin kwamfuta kafin a yi ta a ƙasa. Sukan zuba mata faɗin gona, da yawan dabbobi, da ruwan sama, da farashin dusa da na madara, da yawan hannuwan da ke gida. Sa'an nan su tambaye ta: in damina ta yi gardama kamar ta 1973 ko ta 1984, me zai faru? In dusa ta ninka kuɗi fa? Sai ta nuna inda gonar za ta karye. Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan tana da irin wannan lissafi mai suna FarmDESIGN. Amma kada sunan ya firgita kowa. Duk wanda ya iya tarawa da ɗebewa yana iya yin nasa a littafin kwabo, muddin ya auna da mudu uku: na aljihu, da na ƙasa, da na jama'a.

Mu fara da mudun aljihu. Saniya takan ci busasshen abinci wajen kashi 2 da rabi cikin 100 na nauyinta kowace rana. Bunaji mai kilo 300 ke nan tana bukatar kilo 7 da rabi. Rani a Kano kuwa yakan kai wata 7, wato kwana 210. To, malam, ka buga da kanka: saniya ɗaya kilo 1,575, shanu goma kilo 15,750, kusan tan 16 na harawa da karmami da dusa. Gonarka tana ba da wannan? Abin da ta kasa bayarwa daga aljihunka zai fito, a watan Afrilu da Mayu, lokacin da damin harawa ya fi tsada. Ga shi kuwa Bunaji a kiwon gargajiya abin da akan tatsa daga gare ta bai cika wuce lita 1 ko 2 a yini ba, bayan maraƙi ya sha nasa. Ruwa-biyu, wadda aka haɗa da Firisiyan ta Turai, ta fi ba da madara nesa ba kusa ba, amma ta fi ci, ta fi sha, ba ta kuma jure zafi da kaska kamar tamu. Kuma ba dukan shanu goma ke ba da nono lokaci ɗaya ba, amma dukansu suna ci kullum.

A nan makwabtaka da ma'aikatu tana da amfani. Injinan niƙa da matatun mai na Bompai da Sharada suna fitar da dusa da tunkuza, waɗanda su ne abincin da ke ƙara nono. Kasuwa kuma tana nan, gama hukuma ta sha faɗi cewa Nijeriya tana kashe wajen dala biliyan 1 da rabi kowace shekara wajen sayo madara daga waje. Sai dai kada mutum ya gina lissafinsa bisa dokar gwamnati kaɗai. A 2020 Babban Banki ya taƙaita ba da kuɗin waje don shigo da madara, a 2024 kuma ya janye. Wanda ya ci bashi yana zaton garin madarar waje ba zai dawo ba, ya ga yadda ta kaya.

Sai mudun ƙasa, wanda mutane suka fi mantawa. Amfanin haɗa noma da kiwo shi ne kewayawa: gona ta ciyar da saniya, saniya ta ciyar da gona. Wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsu kuma ita ce nagarin abincin rani, shi ya sa ma'aikatan IITA na Kano suka yi aiki a kan irin waken da ke ba da ƙwaya da harawa tare. Amma in ka kwashe kara duka ka bai wa shanu, ka kuma sayar da takin ga masu lambu don kuɗin hannu, to, ka yanke igiyar, gonarka za ta riƙa rama shekara bisa shekara alhali littafinka yana nuna riba.

Abu na biyu a mudun nan shi ne ruwa, a nan kuwa ina roƙon ɗan'uwana ya buɗe kunne. Majemun zamani na Challawa da Sharada suna aiki da wani sinadari mai suna kuromiyom wajen jimar fata. Binciken jami'o'inmu ya sha nuna shi da waɗansu ƙarafa masu cutarwa a ruwan da ke gangarawa rafin Salanta da kogin Challawa, haka kuma rafin Getsi da ke ɗauko ruwan Bompai ya zuba a Jakara. Ciyawar bakin irin wannan ruwa takan yi kore shar da rani, ta ruɗi mai kiwo. Saniyar tatsa kuwa tana shan ruwa mai yawa, abin da ta ci ta sha yana iya taɓa lafiyarta, madararta kuma yaran mutane za su sha. Kafin ka sayi ko karsana ɗaya, ka ɗebi ruwan rijiyarka ka kai a gwada. Rigakafi ya fi magani.

Na uku, mudun jama'a. Wa zai yi tatsa da asuba, ya yanko ciyawa, ya kwashe kashi? In amsar ita ce yaran gida, to, ka sa makarantarsu a cikin lissafi, kai da ka ƙare rayuwarka a aji. Sa'an nan a tuna, a rugar Fulani nono na mata ne, da kuɗin fura da kindirmo da man shanu suke cefane da suturar 'ya'ya. Sau da yawa in kamfani ya fara sayen ɗanyar madara, kuɗin yakan koma hannun maigida. Shirin noma da kiwo na Jihar Kano, wanda Bankin Musulunci ya ba da kuɗinsa, ya sa hannu a gina wuraren tara madara, a 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Kiwo. Madalla da wannan. Amma ina roƙon masu riƙe da alƙalami, in suna ƙidaya litar da aka tara, su ƙidaya matan da kuɗin ya shiga hannunsu. Haka nan wanda ya kewaye gonarsa har ya haɗa da burtali, ya sayi rigima da kuɗinsa.

To, ga shawarata, malam. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara da shanu biyu, ka shuka wake da gyaɗa a tsakanin dawarka, ka adana harawa a inuwa, ka rubuta kowace lita da kowane buhu har shekara ta kewayo. Sa'an nan ka sake lissafin da mummunar damina da tsadar dusa. In mudu uku ɗin nan sun cika, ka ƙara. In ɗaya ya gaza, ka tsaya, don kuɗin sallama sau ɗaya ake biya.

Wanda ya riga ya gwada wannan sana'a a ƙasar Kano, ina roƙonsa ya rubuto wa Edita abin da ya gani, mu ƙaru da juna. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Haza wasalam,

Naku, Malamin Gona, Kano.