Kalkuleta a jarrabawar BAK: a faɗi doka tun da wuri

Duk ɗalibin da zai zauna jarrabawar BAK a sashen C ko D ya san takardar fizik ba ta yiwuwa da ƙidayar yatsu. Akwai sinus, akwai logaritim, akwai lambobi masu tarin sifili, ga lokaci ƙayyadadde. Saboda haka kalkuleta ta zama tilas kamar alƙalami.

To amma kalkuleta iri biyu ce. Akwai wadda lissafi kaɗai take yi, akwai kuma mai ƙwaƙwalwa, wadda ake iya zuba mata darasi sukutum a shiga da shi ɗakin jarrabawa. Ta biyun ta fi tsada nesa ba kusa ba. In aka bar ta ta shiga, ɗan mai hali a unguwar Zariya ya riga ɗan manomin Jiratawa ko Tsibiri cin maki tun ba a raba takardu ba.

Wasu ƙasashe sun warware wannan matsala. A Nijeriya, hukumar WAEC ba ta yarda da mai ƙwaƙwalwa ba, JAMB kuwa ta saka kalkuleta cikin kwamfutar da ake jarrabawa da ita. Faransa ta fitar da doka a 2015 cewa sai an kulle ƙwaƙwalwar na'urar, wata ƴar fitila tana ƙyaftawa don mai tsaro ya gani, kuma ta ba makarantu shekaru su shirya.

Abin da ya wajaba ga hukumomin jarrabawa na Nijar a fili yake. A rubuta irin kalkuletar da aka halatta, a liƙa takardar a Lise Ɗan Baskore da sauran makarantu tun watan Oktoba, a kuma buga ƙa'idar a kan kowace takardar tambayoyi. Ɗan kasuwa mai sarin kaya daga Kano ta Ɗan Isa zai san abin da zai kawo. Ma'aikacin da ke lallaɓa albashi ba zai zubar da kuɗi kan na'urar da za a karɓe a bakin ƙofa ba. Mai tsaro a Maraɗi ma ba zai hana abin da takwaransa na Yamai ya bari ba.

Wayar salula kuwa kada ta shiga da sunan kalkuleta, domin ita ce babbar hanyar satar amsa. Dokar da aka sanar ranar jarrabawa tarko ce ga ɗan talaka. Tun ran gini, ran zane.